Edita, baƙin tabon nan da kuka buga ba rami ba ne

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili ko da a ƙasan shafi ne, ina da ƙorafi kuma ina da gyara.

Makon da ya wuce a shafinku na kimiyya kun buga wani hoto na sararin samaniya, taurari cike fal kamar an watsa gero a tabarma, sai a tsakiya ga wani baƙin tabo wuluk babu ko ɗigon haske, kuka rubuta a ƙasa wai wannan wani ƙaton rami ne da masana suka gano, babu komai a cikinsa, wai ko za a yi shekaru miliyoyi ana tafiya ba za a ci karo da komai ba. To ni dai tun kafin ku buga na san hoton, don ya yi yawo a WhatsApp da Facebook har ya gaji, a gurup ɗin tsofaffin ɗalibaina kaɗai sau uku ana turo shi, kowanne da irin nasa ƙarin gishirin, wani ma cewa ya yi ƙofar sama ce. Na yi shiru don na san halin gurup, kana gyara ana ce maka Malam ka cika tsanani. Amma da na ga ya shigo jarida sai na ce a'a, wannan kam ba zan haɗiye ba, don abun da jarida ta buga shi mutane ke ɗauka su kafa hujja da shi a majalisa.

Edita, wancan tabon ba rami ba ne. Hasali ma a duk faɗin hoton nan babu wajen da ya kai shi cika. Gajimare ne na iska da ƙura, sunansa Barnard 68, yana can ɓangaren sama da ke kusa da jerin taurarin da ake kira Kunama, nisansa da mu wajen tafiyar haske ta shekara 400 zuwa 500, kuma taurari na nan birjik a bayansa, shi ne kawai ya tare su kamar yadda hadari ke tare rana. Hoton ma an ɗauke shi ne a 1999 da babban madubin hangen nesa na Turai da ke ƙasar Cile. Shi kuma wancan filin da aka rubuta muku labarinsa, wanda suke kira Bootes, daban yake, an gano shi a 1981, yana nesa da mu da wajen shekarar haske miliyan 700, kuma ko shi ɗin ba wai babu komai ba ne, manyan tarin taurari da ake kira galaksi ne suka yi ƙaranci a cikinsa. Wato an ɗauki hoton wani an manna wa labarin wani, kamar a buga hoton ango a sanarwar cigiya.

Amma fa ban ga laifinku sosai ba, don manya ma sun faɗa wannan ramin, in dai za a kira shi rami. William Herschel, Bajamushen nan da ya koma Ingila da zama, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, shi ma da ya leƙa madubinsa wajen Kunama ya ga wani wuri baƙi ƙirin sai ya ce lallai ga huda a sama. An daɗe a kan haka fiye da shekara 100. Sai da wani Ba'amurke, Edward Barnard, ya zo, kuma ni labarin mutumin nan yana burge ni ba kaɗan ba, maraya ne talaka da bai yi wani bokon kirki ba yana yaro, tun yana ɗan shekara 9 aka kai shi shagon mai hoto yana aiki, to wannan sana'ar ta hoto ita ya ɗauko ya juya sama da ita. Ya yi ta ɗaukar hotunan farin layin nan da ke ratsa sama da daddare kamar hayaƙi, yana ganin baƙaƙen tabo iri-iri, da farko shi ma ya ɗauka huda ce, a hankali ya gane cewa a'a wani abu ne ke tsaye tsakaninmu da taurarin. A 1919 ya fitar da jerin guda 182, ya ba kowanne lamba. Namu shi ne na 68, ka ji asalin sunan.

To me ke ciki? Mafi yawa iskar haidirojin ce da hiliyom, ƙurar kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, amma ita ce ke yin duhun. Kuma in na ce ƙura kar mai karatu ya kawo ƙurar hunturu a ransa, wadda ke tasowa daga Bodele a Chadi ta zo ta rufe mana gari har jirgi ya kasa sauka a Kano. Waccan ta sama ta fi wannan laushi nesa ba kusa ba, ta fi kama da hayaƙi. Ka lura da kyau, ranar da hazo ya sauka sosai rana fara-fara take zama kamar faifai, kana iya kallonta ido da ido, amma in ta bayan hayaƙin gobarar daji ka kalle ta ja take komawa jawur. Dalili, ƙananan ƙwayoyi sun fi tare shuɗin haske su bar ja ya wuce. To Edita ka ɗauko hoton da kuka buga ka duba gefen tabon sosai, daidai inda baƙin ya fara sirancewa, za ka ga taurarin wajen sun yi ja-ja ba kamar sauran ba. Wannan kaɗai ya isa shaida, don rami ba ya canza wa tauraro launi. A tsakiyar kuwa ƙurar ta yi kaurin da hasken da ke ratsowa yana raguwa fiye da sau tiriliyan, shi ya sa ba ka ganin komai.

Girmansa wajen rabin shekarar haske ne daga gefe zuwa gefe, nauyinsa duka kamar na ranarmu sau biyu. Sanyi kuwa ba a magana, ya kai digiri 260 ƙasa da sifili ko ma ya ɗan wuce, mu da muke rawar ɗari in Jos ta sauko digiri 10. Kuma duk da na ce a cike yake, cikar ta can ce ba ta nan ba, don in ka kwatanta da iskar da muke shaƙa to kamar babu komai ne, faɗinsa ne ya sa ɗan abun ya taru ya yi yawa.

Yanzu ga inda nake so in zo, wanda shi ne ainihin labarin da ya kamata ku ba mutane, wallahi ya fi na ramin daɗi. A cikin irin waɗannan ƙananan gajimaren ake haihuwar taurari. Wani masani ɗan asalin Holan da ya koma Amurka, Bart Bok, shi da wata abokiyar aikinsa Edith Reilly, a 1947 suka rubuta cewa waɗannan ƙananan dunƙulallun baƙaƙen gajimaren ba banza suke ba, kamar gidan da tsutsa ke saƙa wa kanta ne ta shige kafin ta fito ta zama malam-buɗe-littafi, wato akwai tauraro da ke haɗuwa a ciki. Shi ya sa har yau ake kiransu dunƙulen Bok. Amma fa a lokacin magana ce kawai, ba shi da hanyar nunawa, tunda ƙurar da ta ɓoye taurarin baya ita ce dai ta ɓoye na cikin. Mutumin nan ya yi shekara 36 yana jiran hujja, ya rasu a watan Agusta 1983 bai gani ba. Abun tausayin shi ne a watan Janairu na wannan shekarar aka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, wanda shi ne zai kawo hujjar, yana can sama yana aiki lokacin da Bok ya cika. Sai a 1990 wasu masana biyu a jami'ar Boston, Yun da Clemens, suka bi bayanan da IRAS ya tara a kan dunƙule 248, suka samu kusan ɗaya cikin huɗu akwai jaririn tauraro a ciki, suka ma sa wa takardar tasu take cewa Bart Bok ya yi gaskiya. Allah sarki.

Ta yaya aka leƙa ciki? Da wani haske da idonmu ba ya gani, infared, wanda yake gaba da ja a jerin launukan bakan gizo. Kuma kar a ɗauka wani abu ne na Turai can, yana cikin ɗakin kowa. Ɗauko rimot ɗin talabijin ka saita bakinsa ga kyamarar wayarka ka danna kowane maɓalli, a ido ba za ka ga komai ba amma a fuskar wayar za ka ga ɗan ƙwan yana walƙiya fari-fari ko ruwan hoda. Wasu wayoyin masu tsada suna tace shi a kyamarar baya, sai ka gwada ta gaba. Na yi shekaru ina yi wa 'yan aji wannan, akwai ranar da wani yaro ya tashi tsaye ya ce Malam wallahi akwai aljani a rimot ɗin, ajin ya kwashe da dariya, amma shi ne ya fi kowa riƙe darasin. To wannan hasken yana ratsa waccan ƙurar kusan kamar babu ita. Da aka sake ɗaukar Barnard 68 da kyamarar infared a can Cile, sai ga taurari dubbai sun bayyana a daidai inda kuka ce babu komai, masana suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna auna yadda kowanne ya dushe, da haka suka zana kaurin gajimaren daga baki har cibiya, aka buga sakamakon a 2001. Kuma ka san wa ya fara gano infared ɗin? Herschel dai, mai cewa huda, a shekarar 1800, da ma'aunin zafi da ɗan gilashi mai raba haske. Maganin na aljihunsa bai sani ba.

Bayan infared akwai kuma rediyo. Ita haidirojin in ta yi sanyi haka shiru take yi ba ta fitar da wani abu da za a kama cikin sauƙi, sai masana suka koma bin wata iska da ke gauraye da ita 'yar kaɗan, kabon monoksaid, i ita dai wadda ke fita daga janareta ta kashe mutane in sun kwana da shi a ɗaki a rufe, Allah ya kiyaye. Ita tana fitar da sigina, da shi ake sanin sanyin gajimaren da kuma ko yana motsi, ko yana juyawa, ko ya fara ruftawa ciki. A wani tsauni a hamadar Atakama ta Cile, sama da mita 5,000, akwai faranti 66 irin na dish da ake kira ALMA, aikinsu kenan.

Yadda haihuwar ke faruwa kuwa kokawa ce tsakanin abu biyu. Nauyin gajimaren yana jan komai zuwa tsakiya, ɗan ɗumin iskar kuma yana turowa waje. Muddin sun yi kunnen doki to haka zai zauna. Ranar da jan nauyin ya rinjaya, ko don sanyi ya ƙaru ko don wani abu ya bangaje shi daga waje, sai tsakiyar ta fara ruftawa. Duk wanda ya taɓa ba keke iska da famfon hannu ya san in ka daɗe kana bugawa gindin famfon zafi yake yi har ka kasa riƙewa, to haka iska take, in ka matse ta sai ta ɗau zafi. Cibiyar ta yi ta matsewa tana zafi, tana haske amma a infared kawai tunda bargon ƙura ya lulluɓe ta. Sannan da yake gajimaren dama yana ɗan juyawa, yana tsukewa juyin na ƙaruwa, sai abun da ke faɗowa ya baje ya zama kamar faifai kewaye da jaririn, daga wannan faifan ne duniyoyi ke dunƙulewa daga baya. Abun da ya fi ba ni mamaki, har yau in na tuna sai na ce ikon Allah, shi ne jaririn ba ya iya cinye duk abun da ke zubo masa, sai ya riƙa feso wani ta sama da ta ƙasa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda, kamar tumbuɗi. Wannan feshin shi ke fara huda bargon, kuma sau da yawa shi ake fara gani kafin a ga tauraron. Sai cibiyar ta kai zafin wajen digiri miliyan 10 sannan wutar gaske ke kamawa, haidirojin ta fara komawa hiliyom, kuma ga tauraro mai girman ranarmu wannan kan ɗauki shekaru miliyoyi gommai.

Wani zai ce to Malam wa ya zauna ya ga duk wannan tunda ba wanda ya yi shekara miliyan. Gaskiya ne babu. Amma ai ko bishiyar mangwaro ka tsaya a ƙarƙashinta rana ɗaya za ka ga fure, ka ga 'yan ƙanana, ka ga ɗanye, ka ga wanda ya nuna, ba sai ka kwana wata uku a gindinta ba. Shi Barnard 68 bai haihu ba tukuna, babu tauraro a cikinsa, sai dai a ce ciki ya tsufa, wasu masana na hasashen nan da shekara wajen 200,000 zai rufta. Akwai ɗan'uwansa Barnard 335 wanda shi tuni jaririn na ciki kuma an auna iska tana faɗawa kansa. Akwai wani mai suna HH 46/47 a sararin kudu, nisansa wajen shekarar haske 1,470, shi kuma tagwaye ne a cikin dunƙulen Bok suna ta feshi, madubin James Webb ya ɗauko hotonsu a 2023, gajimaren da yake baƙi a ido sai ga shi shara-shara kamar gyale ana hango komai. Shi wannan madubin an harba shi ranar 25 ga Disamba 2021, faɗinsa mita 6.5, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan, kuma takanas don infared aka ƙera shi. Akwai kuma hoton L1527 da ya fitar a 2022, jariri ɗan shekara wajen 100,000, hoton ya yi kama da kalangu sak, tsakiya a tsuke baki biyu a buɗe, tauraron na ɓoye a daidai ƙugun. In ka jera su ka samu labarin daga farko. Waɗanda suka girma suka yaye kuwa ai kowa ya san su, Kaza da 'ya'yanta, shekarunsu wajen miliyan 100, wanda a wajen taurari yara ne, tunda ranarmu ta kai biliyan 4.6.

Me ya sa ake son ƙananan gajimaren bayan ga manya irin wanda ke cikin jerin taurarin Oriyon, da ake haifar taurari dubbai a ciki? Don babba kamar kasuwar Kurmi yake ranar jajibiri, kowa na gogar kowa, manyan taurari na hura wa ƙanana wuta, ba ka iya cewa wannan ne ya jawo wancan. Ƙaramin kuwa shi kaɗai yake a gefe, ɗa ɗaya ko biyu zai haifa, komai a fili. Nahiyarmu ma tana da hannu a labarin, don a Afirka ta Kudu wani masani David Thackeray ya gano wasu irinsu a 1950, har yau da sunansa ake kiransu.

Kuma dan Allah kar wani ya rubuto ya ce Malam ya koma duba. Wannan ba bugun ƙasa ba ne ba kuma lissafin tauraron wane ya hau na wane ya faɗi ba, kallon halitta ne da awo, irin wanda ake yi wajen neman jinjirin wata.

Mai son gani da idonsa, shi Barnard 68 ya yi ƙanƙanta, tabaran hangen nesa irin na hannu ba zai nuna maka shi ba. Amma manyan 'yan'uwansa ido ma na gani in ka samu duhu na gaske. Ni a ƙauyenmu na fara lura da su muna yara, muna kwana a tsakar gida lokacin bazara saboda zafi, kakata ta tashe mu da asuba, in ka ɗaga kai kafin gari ya waye ga farin layin nan ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe, kuma a tsakiyarsa akwai wani baƙin tsagi da ya raba shi biyu kamar hanyar shanu a cikin gona. A lokacin na ɗauka gajimaren ruwa ne, sai dai kullum yana wuri ɗaya ba ya gusawa. Ashe gajimaren ne amma ba na ruwa ba. Yanzu a gari fitilun sola na titi sun cinye mana wannan, sai ka fita bayan gari, daren da babu farin wata, ka bar waya a aljihu kamar minti 20 idonka ya saba. Watan Maris da Afrilu kafin asuba, ko Yuli da Agusta bayan isha'i in aka yi ruwa sama ta wanke, ka fuskanci kudu ka nemo Kunama, daga wutsiyarta ka bi layin ka yi sama.

Roƙona gare ku biyu ne Edita. Na farko a buga gyara, kuma ba irin gyaran nan na layi biyu da ake ɓoyewa a ƙarƙashin talla ba, ku sa hoton da kuka buga a hagu ku sa na infared ɗinsa a dama, duka biyun suna nan a shafin hukumar Turai da ta ɗauke su, ku bar mutane su ƙirga taurarin da kansu. Na biyu, in hoto irin wannan ya sake shigo muku ta waya, kafin ya tafi wajen bugu a ɗan kira wani a sashen fiziks na jami'a mafi kusa da ku, ko cibiyar binciken sararin samaniya da ke Nsukka, minti biyar ya isa. In kuma wasiƙar nan ta yi tsawo za ku rage, na yafe muku ko'ina amma ban da wajen rimot ɗin, don jikokina na jira su gani a jarida.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu kullum,
Tsohon malamin fiziks, daga Gusau.